Hali Zanen Dutse Ne? Abin Da Ngawundere Ke Koya Mana Game Da Ɗabi'ar Ɗan Adam

Idan yaro ya ɗauki abin da ba nasa ba, ko magidanci ya ci amanar abokin cinikinsa, maganar da ta fi saurin fita daga bakin jama'a ita ce, "Ai halinsa ne." Wani ma ya ƙara gishiri ya ce, "Halinsu ne, a jininsu yake." Daga nan an yanke hukunci, an rufe magana. A gari irin Ngawundere da ke arewacin Kamaru, inda Fulani da Mbum da Gbaya da Dii da Hausawa da Barebari ke cin kasuwa ɗaya, irin wannan furuci ba ƙaramin abu ba ne, domin daga kan mutum ɗaya yake tsallakawa ya faɗa kan ƙabila sukutum.

Hausawa sun ce hali zanen dutse. Su ne kuma suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duka biyun akwai gaskiya a cikinsu, amma wanda mutum ya fi riƙewa shi ke nuna yadda zai yi da ɗansa in ya kangare, da kallon da zai yi wa maƙwabcin da ba yarensu ɗaya ba. Saboda haka ya dace mu tsaya mu duba mene ne hali, daga ina yake zuwa, kuma wa ke da alhakin gina shi.

Mene ne hali?

Akwai abubuwan da duk 'yan Adam suka yi tarayya a kansu. Jaririn da aka haifa a Garwa da wanda aka haifa a ƙasar Sin duka da kuka suke neman nono, wajen wata biyu su fara yi wa uwa murmushi, wajen shekara guda su fara furta kalma. Kowa yana jin yunwa da tsoro da fushi, kowa yana son a girmama shi, kowa yana ƙin wulaƙanci. A cikin mutum ɗaya za ka tarar da tausayi da son kai, kowanne yana ja. Wannan ita ce halittar ɗan Adam, kuma ba ta san ƙabila ba.

Sai kuma halin da ya bambanta wane da wane. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana shi a littafinsa Ihya'u Ulumiddini da cewa yanayi ne da ya zauna daram a zuciya, har aiki ya riƙa fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba. Wanda ya yi kyauta sau ɗaya don a gani bai zama mai kyauta ba. Mai kyauta shi ne wanda hannunsa ke riga lissafinsa zuwa aljihu.

Musulunci ya koyar da cewa kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyaye ne ke karkata shi zuwa inda suka karkata. Malamai kuma sun yi bayanin rai iri uku da Alƙur'ani ya ambata: mai yawan umarni da mummuna, mai zargin kansa, da mai natsuwa. Tunda rai yana iya tashi daga mataki zuwa mataki, ashe ba a gama ginin mutum ranar da aka haife shi ba.

Rabon gado

Babu mai musun gado. Uwar da ta haifi 'ya'ya biyar ta san tun a goye wani mai sanyi ne, wani kuwa mai zafin rai, alhali nono ɗaya suka sha. Masana sun auna wannan ta hanyar tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin halittarsu iri guda ne. A 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minesota a Amurka ya fara bin sawun tagwayen da aka raba tun suna jarirai, aka rene su a gidaje dabam-dabam. Ya tarar cewa da yawansu sun tashi da kamannin ɗabi'a mai ban mamaki. A 2015 kuma wasu masana suka tattara binciken tagwaye na shekara hamsin, suka ga kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane yana da alaƙa da gado, sauran rabin kuwa da muhalli da abin da mutum ya ci karo da shi a rayuwa.

A kula da abin da ake gada. Yaro yana iya gadon saurin fushi, ko kunya, ko kazar-kazar. Ba ya gadon sata, ba ya gadon ƙarya, ba ya gadon riƙon amana. Mai zafin zuciya yana iya zama ɗan daba, yana kuma iya zama jarumin da ba a zaluntar kowa a gabansa. Makiyayin tudun Adamawa ya san wannan a aikace. Shanun Gudali na Ngawundere sun yi suna wajen girman jiki, kuma a cibiyar binciken dabbobi ta Wakwa an daɗe ana zaɓen iri don inganta su. Duk da haka maraƙin da ya fi kowanne asali, in ya rasa nono da ciyawa a shekararsa ta farko, ko sammore ya kama shi, ba zai kai inda ubansa ya kai ba.

Game da masu cewa hali a jinin ƙabila yake, ilmin zamani bai goyi bayansu ba. Kowane mutum biyu a duniya sun yi tarayya a fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin halittarsu. Tun a 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa ɗan bambancin da ya rage, wajen kashi 85 cikin 100 nasa a cikin al'umma ɗaya ake samunsa, tsakanin mutum da ɗan'uwansa. Ma'ana, Hausawa biyu suna iya bambanta da juna fiye da yadda ɗayansu ya bambanta da mutumin Gbaya.

Gida da shekarun farko

Makarantar farko ita ce bayan uwa. A shekaru biyun farko ƙwaƙwalwar yaro take girma da saurin da ba za ta sake yin irinsa ba, kuma abinci mai gina jiki da kulawa su ne kayan aikinta. Duniya ta ga misali mai ɗaci a Romaniya. Da gwamnatin Ceausescu ta faɗi a 1989, an tarar da dubban yara jibge a gidajen marayu, ana ba su abinci amma babu mai ɗaukarsu, babu mai yi musu wasa. Wani bincike da aka fara a Bukares a 2000 ya bi yara 136 daga cikinsu. Waɗanda aka mayar hannun iyalai, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari a gidan marayu kaifin fahimta da iya shaƙuwa da mutane. Goyo da rarrashi da hira da jariri, waɗanda muke ɗauka ba komai ba ne, su ne harsashin hali.

Akwai wani gwaji da aka yi a nan Kamaru wanda ya kamata kowane uba ya ji. Masana halayyar ɗan Adam suna da hanyar auna haƙurin yaro: a ajiye masa abin daɗi a gabansa, a ce in ya jira har a dawo za a ƙara masa wani, sai a fita a bar shi shi kaɗai. Bettina Lamm da abokan aikinta na Jami'ar Osnabruk a Jamus sun gwada haka da yara 'yan shekara huɗu, wasu Jamusawa, wasu kuma 'ya'yan manoman Nso na yankin Kumbo, suka bayyana sakamakon a 2017. Yaran Nso fanke aka ajiye musu. Kusan kashi 70 cikin 100 nasu sun jira minti goma cif, wasu har barci ya ɗauke su. A cikin yaran Jamus kuwa, waɗanda suka jira ba su kai kashi 30 ba. Masu binciken sun danganta haka da salon reno, domin uwayen Nso tun da wuri suke koya wa yaro biyayya da girmama manya da danne zuciya. Haƙuri dai abin koyo ne, kuma gidajenmu na gargajiya suna da abin da za su koya wa duniya a kansa.

Sai dai yaro da ido yake koyo fiye da kunne. Uban da ke cewa, "Je ka ce ba na nan," alhali yana kwance a ɗaka, ya riga ya ba da darasin da bulala ɗari ba za ta goge ba.

Al'ada: shaidar tarihin Ngawundere

Wanda ke son ganin yadda al'ada ke ƙera mutum, tarihin wannan gari ya ishe shi. Wajen 1809 Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A shekarun 1830 Arɗo Njobdi ya kafa sarautar Fulani a nan, a ƙasar da Mbum suka riga kowa zama. Ba da sulhu kaɗai aka gina masarautar ba. An yi yaƙe-yaƙe, an kamo bayi masu yawa daga ƙasashen Gbaya da Laka, kuma wannan tabo ne da bai kamata a ɓoye ba. Fatake Hausawa da Barebari suka biyo baya da tufafi da sauran haja, suka kafa unguwanninsu. Aka yi auratayya har cikin gidan sarauta, inda da yawa daga cikin masu riƙe da sarautar Lamiɗo uwayensu Mbum ne. A fada kuwa sai ka ji Galadima da Kaigama, sarautun da suka samo asali daga Barno, ga Sarkin Yaƙi da Sarkin Shanu da harshen Hausa.

Daga wannan cakuɗa aka sami mutumin birni na arewacin Kamaru, mai Fulatanci a baki, mai babbar riga, mai doguwar gaisuwa. Emily Schultz, wadda ta yi bincike a Gider da ke arewa da Garwa a shekarun 1970, ta ga mutanen wasu ƙabilu suna shigowa gari, su musulunta, su riƙe Fulatanci da ɗabi'un birni, cikin ɗan lokaci a riƙa lissafa su da 'ya'yansu a cikin Fulani. Philip Burnham ma ya yi dogon bayani kan haka a littafin da ya wallafa a 1996 game da siyasar bambancin al'adu a arewacin Kamaru. Jikokin fataken Kano da ke Ngawundere da Garwa a yau da yawansu Fulatanci da Faransanci sun zauna a bakinsu, kamar yadda a Kano da Katsina jikokin Fulani suka koma Hausa zalla. Jinin bai canja ba, amma magana da tafiya da abin da ake jin kunyarsa duk sun canja.

Fulani suna da pulaku, wanda ginshiƙansa suka haɗa da kunya da haƙuri da hankali. Hausawa suna da kirki. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa zamanin Turawa, ya tattara siffofin mutumin kirki a wata lacca da aka buga a 1974: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk cikinsu babu wadda ake haihuwar jariri da ita a kammale. Ɗan Fulani da horo yake koyon ƙin cin abinci a bainar jama'a da shanye zafi ba tare da raki ba. 'Yar Hausa da gani take koyon durƙusa wa manya da kunyar ɗan fari. A gargajiyance Gbaya suna da Labi, horon da ake kai samari daji don su dawo a matsayin manya. Kowace al'umma ta tanadi hanyar gina hali saboda ta san ba ya gina kansa. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya riga ya yi nuni a Muƙaddimarsa cewa abin da mutum ya saba da shi yakan maye gurbin asalin halittarsa.

Abokai da masu faɗa a ji

Ngawundere ta yau ba ta jiya ba ce. Tun da layin dogo ya iso daga Yawunde a 1974, garin ya zama mashigar arewa, inda ake sauke kaya daga jirgi a loda wa manyan motoci zuwa Garwa da Marwa da Njamena. A 1993 aka kafa jami'a a Dang, ɗalibai suka kwararo daga kudu da Cadi. Ga kuma waya a hannun kowa, da Facebook da TikTok da WhatsApp. A da, unguwa ce ke renon yaro, kowane babba yana iya tsawata masa. Yanzu masu yi masa magana a kunne sun fi ƙarfin ƙirga, kuma mafi yawansu iyayensa ba su san su ba.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin ya fi tsanani ga matashi, saboda sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A wannan tsakanin yabon abokai ya fi masa faɗan uba nauyi. Saurayin da ya fara shan tramol a tashar babura yawanci bai nemi ƙwayar da kansa ba. Wani ne ya miƙa masa, ya ce tana kashe gajiya, shi kuma ya ji kunyar a ce masa rago.

Manya ma ba su tsira ba. A 1961 Stanley Milgram na Jami'ar Yel ya sa mutane su riƙa danna wa wani mutum wutar lantarki duk lokacin da ya kuskure amsa, wani mai kama da jami'i yana tsaye yana cewa su ci gaba. Wutar ta ƙarya ce, amma su ba su sani ba. Cikin mutum 40, har 26 suka kai matakin ƙarshe, duk da kukan da suke ji. Mutane ne kamar kowa, ba mugaye ba. Wannan yana taimaka mana mu gane yadda, tun daga 2014, Boko Haram ta ja wasu samarin Kolofata da Fotokol da Amcide, wasu da kuɗi da alkawarin babur ko aure, wasu da wa'azin ɓata, wasu kuma da bakin bindiga.

Matsin rayuwa

Yunwa da tsoro suna fito da abin da wadata ta rufe. A yankin Logon-Birni, Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma sun daɗe suna maƙwabtaka. Da ruwa ya yi ƙaranci, masunta suka riƙa haƙa manyan ramuka don tare ruwa da kifi, shanu kuma suka riƙa faɗawa ciki. A watan Agusta na 2021 rikici ya ɓarke, ya sake tashi a Disamba har ya kai Kuseri. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ce mutane wajen 100,000 suka bar gidajensu, akasarinsu suka tsallaka Cadi. Mai gaggawa zai ce halin Larabawa ne, ko halin Musgum ne. To ina halin yake a shekarun da suka yi suna cinikin nono da kifi a kasuwa ɗaya? Ruwa ne ya janye, aka kuma rasa sasanci tun abin yana ƙarami. Al'ummar da ta bar matasanta ba aiki, ta bar gardamar gona da burtali ba hukunci na adalci, tana noma mugun hali da hannunta.

Shin hali yana canjawa?

Duk abin da aka lissafa a sama yana tura mutum ne, ba ya ɗaure shi. A gwajin Milgram mutum 14 sun ƙi ci gaba, alhali umarni ɗaya aka ba su da sauran. A garuruwan da wasu samari suka bi 'yan ta'adda, dubbai masu irin talaucinsu sun ƙi, wasu ma suka shiga 'yan sintiri suna tsaron garinsu. Shi ya sa fahimtar dalilin laifi ba ta wanke mai laifi. Mutum yana da hankali da zaɓi, kuma a kansu ne shari'a da hisabi suka rataya.

Gazali ya mayar wa masu cewa hali ba ya canjawa martani da hujja mai sauƙi: da haka ne, da wa'azi da nasiha da horo duk sun zama aikin banza. Hanyar da ya nuna ita ce maimaitawa. Marowaci ya tilasta wa kansa bayarwa, yau da gobe, har abin ya daina yi masa ciwo. Binciken ƙwaƙwalwa na zamani ma ya tabbatar da cewa abin da ake maimaitawa yana ƙarfafa hanyoyinsa a cikinta, ko da mutum ya manyanta. A kan wannan fata ne gwamnatin Kamaru ta kafa kwamitin karɓar makamai da mayar da tsofaffin mayaƙa cikin jama'a a ƙarshen 2018, da cibiya a Mora. Gyaran babba ya fi na yaro wuya nesa ba kusa ba, kuma nan ne gaskiyar masu cewa zanen dutse take. Abin da aka bari ya daɗe yana kafewa.

Abin da ya rage gare mu

Iyaye su sani cewa tarbiyya tana farawa tun kafin yaro ya iya magana. A ciyar da mai ciki da mai shayarwa yadda ya kamata, a ja yaro a jiki, a san abokansa, a san abin da yake kallo a waya, a kuma gyara abin da ake yi a gabansa. Malaman allo da na boko, da limamai da fastoci, su tuna cewa ɗalibi yana kwaikwayon yadda suke mu'amala kafin ya haddace abin da suke faɗa. Masu sarauta da hukuma su ɗauki adalci da samar da sana'a a matsayin aikin gyaran hali, su kashe rigimar gona da mashaya tun tana ƙarama. Matashi kuma ya zaɓi majalisar da zai zauna da idonsa biyu, ya daina fakewa da cewa haka Allah ya yi shi.

Mu duka kuma mu kiyayi harshenmu. Duk lokacin da wani ya yi maka ba daidai ba, kama sunansa shi kaɗai, ka bar ƙabilarsa ta huta. In kuwa ɗanka ne ya karkace, kada ka sallama shi da cewa halinsa ne. Tashi ka nemi inda gyara ya kuɓuce, ka fara daga kanka.